Asibitin Matafiya, Leeds

Ruwa na dukan taga tun asuba.
Misis Holroyd ta miƙo damtse,
za ta tsibiri ganin kunkurun teku
da rairayi fari kamar garin rogo.

Na soka allura, na ce:
ruwan kwalba kawai,
ƙanƙara ma kar ki yarda da ita.
Shafa mai kafin rana ta take.
Magariba ta sauro ce, rufe ƙafa.

Ta rubuta duka, har da sauron.

Ni da na tashi bakin kogin Argungu,
zazzaɓi ya san sunana tun ina goye,
yau ni ke koya wa Bature tsoronsa.

Ta buɗe lema ta fita.
Saura kaɗan in ce
ta gaida min rana.