Kwalbar Ammachi

A Alappuzha, inda ruwa ya zama titi,
kwalekwale ya zama jaki,
gidanmu na tsugune a bakin gulbi
kamar tsohuwar da ta zo wanki ta manta hanyar komawa.

Ba zakara ke tashina ba,
ƙarar kankarar kwakwa ce, ƙar, ƙar, ƙar,
mahaifiyata Saramma kan 'yar kujerarta mai haƙori.
Ammachi muke ce mata tun da jikoki suka zo.

Tun zazzaɓin bara harshenta ya yi yaji,
har yau ba a samu mai biko ba.
Gishiri da sukari duk ɗaya gare ta,
amma ba ta bar wa kowa murhu ba.
Da kunne take girki yanzu.
Ƙwayoyin mastad na tsalle a man kwakwa,
ta ce, "Sun yi shiru, kawo albasa."
Ganyen kori ya yi tsuwa, ta ce, "Kifi."
Sai ta kira 'yata Ponnu, mai shekara bakwai,
ta ɗiga mata romo a tafin hannu.
Ponnu ta lasa, ta haɗe gira kamar alƙali:
"An yi rowar tsamiya."
Aka ƙara tsamiya. Ba ɗaukaka ƙara.

Ran da aka biya mu a tashar jirgin fito
na ce yau tukunya ta huta.
Matata Jessy ta ɗaura koren sarinta,
ƙanena Kuriyan ya zo da cikinsa, ya bar aljihu a gida,
muka tafi gidan abincin gindin gada,
mai fanka uku, ɗaya ke juyi.

Aka shimfiɗa wa kowa ganyen ayaba.
Jar shinkafa ta yi tudu,
gasasshen kifi a naɗe cikin ganye kamar saƙo,
kabeji, wake, miyar nono mai kurkum.
Kuriyan ya ci har gumi ya ɗigo masa ta hanci.
Ammachi ta dubi ganyenta kamar takardar haraji,
sannan a hankali ta zuge jaka,
ta zaro kwalba:
ɗanyen mangwaron da ta tsuma da barkono
tun kafin damina, tun harshenta na gida.
Jessy ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.
Na so ƙasa ta tsage.

Sai ga Shaji, yaron da ke zuba abinci, ya ja birki.
Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri.
Ya waiga, mai gidan na lissafi,
ya miƙo tafin hannu yadda Ponnu ke yi.
Ya lasa. Ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce tasa tsohuwar na Kannur,
wata tara rabonsa da gida.
Ammachi ta murɗe murfin, ta tura masa duka:
"Ka dawo min da kwalbata.
Murfinta mai kyau ne."

Mun kama jirgin ƙarshe.
Ponnu na barci a kafaɗata, yatsunta na ƙarni,
fitilun gaɓa na karyewa cikin ruwa.
Muna shiga gida Ammachi ta nufi tukunyar ƙasa,
miyar kifin jiya, wadda kwana ke ƙara wa daɗi.
Kuriyan, da ya rantse ba sauran masaka tsinke,
shi ya fara wanke hannu.

Muka zauna a daɓen kicin, kwaɗi na ta nasu a waje.
Na ce, "Ammachi, ke ba za ki taɓa ba?"
Ta jingina da bango, ta lumshe ido.
"Ku dai ci," ta ce,
"kada ku ci shiru. Ina saurare."