Dozin Ko Babu

Ƙarfe huɗu saura kwata ya tsaya,
ran wata Laraba, a wuyan hannuna,
agogon da masaƙar Kakuri ta ba Baba
ladan shekara ashirin da biyar yana amsa kiran jiniya.
Masaƙar ce ta fara yin shiru, shi ya bi ta,
agogon ya ƙara shekara tara
yana ƙwanƙwasa kamar baƙo mai kunya.

Na kai wa Tanimu a Kasuwar Barci,
mai teburin gilashi a gindin turken lantarki.
Ya maƙala madubi a idon dama,
ya buɗe bayan, ya daɗe bai ce uffan ba.
"Gashinsa ya tsinke."
Sai ranar na san agogo na da gashi,
siririn ƙarfe a murɗe kamar bayan katantanwa.
"Gwiwata ta daina hawan bene, Malam.
Je ka Babbar Kasuwa, layin 'yan sari,
ka tambayi shagon Barau."

Shagon bai fi madafa faɗi ba.
Aljihunan katako har rufi, kowanne da lambarsa.
Barau bai ɗago kai ba. "Katinka?"
Na miƙa na ɗan ƙasa.
Ya yi dariya ta hanci.
"Na ƙungiya nake nufi. Ina teburinka? Wa ya yaye ka?"
Na ce lissafi nake koyarwa a Tudun Wada,
ƙwaya ɗaya tak nake nema.
"Ba ma ɗai-ɗai, ba ma sayar wa mai agogo.
In na ba ka yau, gobe mai gyara ƙasa zai ci?
Sa masa injin batir, ka huta."
Na sauko ina ƙirga matakala,
talatin da ɗaya, duk da haushi.

Sati na zagayowa na koma da katin Tanimu.
Hoton jikinsa na saurayi ne mai tarin suma,
ni kuwa sanƙo ya ci rabin kaina.
Barau ya dubi katin, ya dubi yatsuna.
"Wannan hannun alli ne."
Ya turo min hantsaki da wata ƙusa
wadda ƙwayar gero ta girme ta.
"Ɗauki."
Na ɗauka. Ta yi tsalle ta ɓace.
Ga mu a durƙushe mu uku, ni da shi da yaron shago,
muna shafa siminti da tafin hannu,
har wani mai shigowa ya koma, ya ɗauka salla muke.

A nan ƙasa ya tambaye ni,
"Yana nan da tarin nan nasa?
Maigida ɗaya ya yaye mu, a bakin tashar jirgi.
Ya fi ni hannu, na fi shi son kuɗi."
Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa,
ya rubuta rasit da sunan Tanimu.
"Dozin ko babu. Kuma ban taɓa ganinka ba."

Hannun Tanimu na rawa yanzu.
Na farko ya lanƙwashe, na biyu iska ta ɗauke,
na ukun ya zauna ana kiran la'asar.
Ya kara min a kunne bai ce komai ba.

Saura tara a ambulan, cikin gwangwanin Baba
tare da katin albashinsa.
Ran Asabar nakan ja benci kusa da teburin
in koyi riƙe numfashi,
in koyi neman abin da ya faɗi ba tare da zagi ba.

Agogon yana gudu da minti uku kullum.
Tanimu ya ce in kawo ya daidaita, na ce a bar shi.
Baba ma kafin jiniya yake isa bakin ƙofa.