Takalmin Aro a Barmouth

Emrys ya ce tafiyar rabin yini ce.
Ashe lissafinsa bai san da gwiwa ba.

Takalmin Tasalla na ara, ya yi mini yawa,
na cusa safa biyu.
Tumaki a gangare, shuɗin fenti a gadon bayansu,
ba makiyayi, ba sanda.
Suka dube ni kamar na zo bin bashi.

A tsakiyar hawa numfashi ya ƙi ni.
Na zauna kan jiƙaƙƙen dutse,
na kwance dambun naman da Inna ta aiko.
Emrys ya ɗanɗana, ya yi tari,
ya sake miƙo hannu.

Sai gajimare ya tsage.
Ga teku can ƙasa
kamar tasar da aka goge da toka,
gadar jirgi siririya, zare ya kuɓuce wa allura.
Ni da Kufena ce iyakar hawana,
na rasa bakin magana.

Saukowa ta fi ciwo.
A gaɓa na tsoma ƙafa,
sanyi ya cije ni har haƙori.

Gobe aikin dare a asibiti.
Yashi na nan cikin safa,
ban kakkaɓe ba.