Hannun Baba

Kaset ɗaya Baba ya bari a ƙasan akwati,
minti shida, ranar walimar ma'aikatan Masaƙa.
Hoton duk yayyafi,
kamar mai leƙe ta taga a tsakiyar damina.

Na kai wa Sagir, shagonsa na Kakuri,
bayan rumfar mai gyaran janareta.
Ya ce, "Wane salo, Yaya? Katun? Fentin ruwa?
Ƙirƙirarriyar basira ba ta gardama,
ka faɗi launi, ta rina."

Na ce ta rina.

Kafin shayina ya huce, unguwa ta yi wanka:
kwanon rufi ba tsatsa,
hayaƙin bututu ya koma auduga,
kakin Baba ya yi shuɗin da bai taɓa yi ba.
Sai ya ɗaga hannu yana gaida mai ɗauka.

Na ƙirga. Biyar.

Sagir, dakata.
Injin saƙa ya cinye yatsa guda tun ina rarrafe.
Da huɗun nan ya tsallakar da ni titin Kachia,
da su ya ja min kunne,
da gurbin yake tsokanarmu
wai kada ne ya gutsura a bakin kogi.

Inji ya ɗauke, inji ya mayar,
ba wanda ya tambayi mai hannu.

Sagir ya rubuta a cire ɗaya.
Ta cire, ta shafe wurin sumul kamar sabulu,
ba tabo, ba sawun ɗinki.

Na biya shi kuɗinsa cif,
na ce ya turo min mai yayyafin.
Da ƙyar ake gane fuska a ciki,
amma hannun
na Baba ne.