Waƙafi Mai Ruwa Uku

Daren Laraba, Farin Gada ta watse,
sai warin kabejin da aka tattake
da ruwan sama yana dukan kwanon ofis.
Ni kaɗai da allon kwamfuta
da jadawalin bashin 'yan ƙungiya,
gida-gida kamar gurbin dara,
suna arba'in da ɗaya.

Shugaba Tanimu ya ce, "Buga ki manna a bango,
kowa ya ga kowa."
Kore ya biya. Ruwan ɗorawa ya yi rabi.
Ja kuwa,
a kwando ja shi ne kuɗi,
shi fatake ke rububi tun asuba,
a nan ja shi ne sunkuyar da kai.

Layi na sha bakwai, Baba Ɗanlami.
Motarsa ta kife a Hawan Kibo wata Asabar,
kwando ɗari da ashirin,
kwalta ta sha miya babu tuwo.
Sifilin da ke gaban sunansa
sun fi haƙoran da suka rage masa yawa.
Shi ya koya wa rabin kasuwar nan
gane tumatir da ɗan yatsa.

Na ce bari in mai da rubutun fari.
Ya fito a kan jan, fes, kamar furfura.
Na shafa masa ja irin na bangonsa,
ya ɓace, na sauke ajiyar zuciya.
To, ran da ya biya rabi fa? Na gwada.
Gida ya koma ruwan ɗorawa,
lambobi suka fito jajir kamar an yi yanka.
In goge?
Jimilla a ƙasa za ta rame,
gobe a ce Baraka ta ci kuɗi.

Nanret mai shagon kwafi ta leƙo aron caja,
rigar sanyi har kunne.
Ta karɓi linzami, ko zama ba ta yi ba.
Ta shiga inda ake yi wa lamba sutura,
ta share abin da ta tarar,
ta buga waƙafi mai ruwa,
ɗaya,
biyu,
uku.
"Katanga uku, ɗaki huɗu," in ji ta,
"na riba, na asara, na babu, na surutu.
Duk kin bar su fayau."
Ta ɗauki caja ta shige cikin ruwa.

;;;

Ga su a jere,
'yan mata uku da tulu a ka,
sun dawo rafi, ko ɗigo bai zuba ba.

Lambobi suka nutse. Launi ya tsaya.
Jimilla ba ta motsa ko da kwabo ba.
Na taɓa gidan Baba,
adadin ya leƙo can sama a siririn layi
kamar mai amsa sallama daga ƙuryar ɗaki.
Na ɗauke hannu, ya saki labule.
Ja ya ce akwai rami,
bai faɗi zurfinsa ba.

Layi na talatin da biyu nawa ne.
Ja. Kuɗin asibitin Inna.
Yatsana ya daɗe a kan kore.
Wa zai sani?
Ruwa ya ci gaba da dukan kwano.
Na bar shi yadda na same shi.

Da safe Shugaba ya juya takarda gaba da baya:
"Ina lambobin?"
"Suna ciki, ranka ya daɗe. Mai son nasa ya shigo."
Ya yi tsaki, amma shi ya miƙo ƙusa.

Wajen hantsi Baba ya iso bango,
hula a karkace, takalmi duk laka.
Ya bi layi da yatsa har ya sami sunansa,
ya danna jan a hankali
yadda yake danna na kwando.
"Wannan ya nuna, Baraka.
A fara ɗiba kafin ya ruɓe."
Ya kwance lalita, dubu biyar, a jiƙe.

Na shiga na rubuta.
Lamba ta nutse inda 'yan uwanta suke.
Gidan bai sauya launi ba.
Ni da shi muka san ya ragu.