Tara Sau Huɗu

Sanyin Jos ya sauko tun la'asar.
Na rufe rumfa a Katako, na hau keke,
garin katako a gemu, a kunne, a aljihu.
Ina isa Gangare, ban ko cire takalmi ba,
Kubura ta tare ni a zaure da kira:

"Baba, tambaye ni gidan tara!"

Na ce, to, tara sau bakwai.
Ba ta ɗaga ido sama ba, ba ta motsa leɓe ba.
Sai ta shimfiɗa hannu biyu a kan tabarma
kamar mai jiran lalle ya kama,
ta ƙirga daga hagu, ta lanƙwashe na bakwai.
Shida a nan, uku a can.
"Sittin da uku," ta ce. "Ƙara."

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba.
Mu da muka sayi gidan tara da hawaye!
Malam Dung da tsumagiyarsa,
mu a tsaye a hantsi, haƙora na kaɗawa,
muna rerawa kamar kwaɗin damina,
wanda harshensa ya yi tuntuɓe
tafin hannunsa ne zai biya.
Shekara arba'in ke nan,
amma ko daga barci ka tashe ni, zan jera.

Na ce, ke yarinya,
wannan sandar makaho ce a hannun mai ido.
Lissafi a kai yake kwana, ba a farce ba.
Ranar da kika rungumo buhu da hannu biyu,
mai saye yana tsaye, mota tana jira,
da yatsun ƙafa za ki fara?

Uwani ta amsa daga bakin murhu,
ba ta ko juyo ba:
"Kai mai shi a kai,
wa ya yi wa kafinta ragin dubu biyu jiya,
ya dawo yana zagin alƙalami?"
Na yi tari. Hayaƙi ne ya shaƙe ni.
Ban ce komai ba, na bar ta da dara.

"Kawo hannunka, Baba, in koya maka.
Malama Nanret ta ce kowa yana iyawa."
Ta kama su, ta kife su a kan gwiwata,
ta soma: ɗaya, biyu, uku,
sai ta tsaya.

Ta manta. Wallahi ni ma na manta.
Manunin hagu,
wanda injin tsaga ya haɗiye
daminar da aka haife ta.
Dungu ne kawai ya yi saura.

Zauren ya yi tsit,
har ina jin tukunya tana tafasa a ciki.
Na so in janye, ta riƙe.
Ta sake dubawa, leɓenta yana motsi:
"Uku a nan... shida a can.
Baba! Talatin da shida!
Tara sau huɗu ke nan.
Kai ba sai ka lanƙwasa ba,
naka an riga an gyara."

Shekara goma sha ɗaya
ina cusa hannun nan a aljihu wurin ɗaurin aure,
ina karɓar canji da dama kaɗai.
Ashe amsa nake yawo da ita
daga Katako zuwa Farin Gada,
ban sani ba.

Da dariyar ta lafa, na share ido,
na ce, saura ɗaya: bakwai sau takwas.
Ta dubi yatsunta goma.
Suka dube ta.
Malama ba ta kawo nan ba tukuna.

Na ce, hamsin da shida. Faɗi.
"Hamsin da shida."
Sake.
"Hamsin da shida."
Babu tsumagiya, babu hantsi,
tana faɗa, tana murza dunguna da ɗan yatsanta,
Uwani tana cewa tuwo zai huce,
mu kuwa ko gidan takwas ba mu taɓa ba,
balle mu koma kan tara.