Rasit Ɗin Da Ruwa Ya Ci

Shekara shida ke nan ina Badarawa,
ciki biyu da falo, gidan Malam Tanimu.
Ranar da muka tare, kwanon sama rariya ne.
In hadari ya haɗo ta wajen Kawo
sai Ladiyo ta jera robobi da tukwane,
mu kwana muna sauraron ɗiga
kamar masu ƙirga bashi.

Na same shi na ce, "Malam, rufin nan fa."
Ya ce, "Gyara, Barau, ma yi lissafi."
Ba takarda, ba shaida,
sai akuyarsa da ke tuƙa a gindin durumi.

Na sayo kwano bandir biyu a Fanteka,
ƙusa, katako, ga ladan kafinta.
Da sama ta yi shiru sai ƙasa ta kira ni:
na shimfiɗa tayil, na rufe bakin sokawe,
na sauya ƙyauren bayi,
wanda a da sai ka tokare shi da ƙafa
kana ta gyaran murya.
Ladiyo ta dasa gwaiba kusa da famfo.
Albashin malamin firamare ne,
kowane tayil na san naman da ban ci ba dominsa.

Watan jiya dillali ya zo, Ɗan'asabe,
takalmi mai tsini, ido kamar na mai awo.
Ya ƙwanƙwasa daɓe da ɗan makulli,
ya ce, "Tubarkalla, gida ya haɗu.
Irin wannan yanzu dubu ɗari huɗu ne."
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Gumina aka zuba a mudu
aka dawo ana yi mini tallarsa.

Na buɗe akwati neman rasit.
Yana nan, ƙarƙashin takardun haihuwar yara.
Ashe daren da na sayo kwanon,
kafin kafinta ya hau,
ɗigar ƙarshe ta shiga ta yi mana ban kwana.
Tawada ta narke, sifili ya bi sifili,
sunan shagon kawai ya tsira.

Na hau keke zuwa Tudun Nupawa
da magana cike da baki,
tun daga Kasuwar Barci nake wasa ta.
Ina sallama ruwa ya kece.

Na tarar da shi a kan buzu,
roba uku a gabansa, kwanon sha a kan gado,
rufinsa yana yi masa abin da nawa ya daina.
Katin masaƙar Kakuri rataye a ƙusa,
hoton saurayi ne a jiki.
"Har yau muna jiran kuɗin sallama," in ji shi.
"Gidan da kake ciki shi ne fanshona."

Na ce, "Ka ce ma yi lissafi."
Ya ce, "Rufi na ce. Wa ya aike ka tayil?"
Na ce, "Rufin ma ba ka cire ko sisi ba."
Ya ce, "Na cire a zuci."
Dariya ta so kama ni, na hana ta.

A bayan kwalin maganin hawan jini muka yi lissafin.
Kwano, ya yarda, a rage cikin shekara biyu.
Ƙarin haya, rabi, ya rantse ba ya sauka.
Tayil kuwa, in zan tashi in kwashe abina.
Da me? Da farce?
Gwaiba ba wanda ya tayar da zancenta,
kowa na ganin tasa ce.
Ya sa ƙafa ya matsar da roba
inda sabuwar ɗiga ta ɓullo.

Na dawo bayan isha'i, rigata sharkaf.
Ɗakina a bushe, shiru har ya yi yawa.
Ladiyo ta ɗago daga tsintar shinkafa,
ta ce, "To, wa ya ci?"
Na ajiye kwalin a kan tayil mai sanyi.
Na ce, "Ruwa."